Dundu a Cikin Bas

Malam yana kan takarda ta goma sha bakwai lokacin da ihu ya tashi daga kujerar baya. Tun da bas ta bar tasha yake duba jarrabawar 'yan aji uku a kan gwiwarsa yana tsaki, don rabinsu sun ɗauka slap da punch da knock duk abu guda ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana koyar da Turanci. Kowace shekara sai ya mari iska, ya naushi tafinsa, ya ƙwanƙwasa allo, yara su sha dariya su manta.

"Ya haɗiye maɓalli! Wayyo Allah, ba ya numfashi!"

Wata matashiya ce riƙe da ɗanta, ɗan wata goma. Bakin yaron a hangame, amma ko ɗuriyar kuka babu. Direba ya taka birki ya gangara gefen titi. Babu gida kusa, balle asibiti. Kowa ya shiga faɗin tasa: a ba shi ruwa, a zura masa yatsa, a jijjiga shi.

Sai wata baƙuwa da ke zaune a gaba ta miƙe. Dattijuwa ce, hannunta na dama da ya karye cikin filasta rataye a wuya. Ta ɗaga murya da Turanci, ba wanda ya gane. Buhuna da akwatuna sun cushe hanyar tsakiya har kusan rufi, ba ta da ta inda za ta bi.

"Jama'a, wa ke jin Turanci?" in ji direba.

Malam, da ke zaune a bayan baƙuwar, ya miƙe, takardu suka zube. "Cewa ta yi ita nas ce. Kada a ba shi ruwa, kada a sa yatsa. Ɗiyata, kife shi a cinyarki, kansa ya yi ƙasa. Tallafe haɓarsa."

Uwar ta yi yadda ya ce.

"Now hit his back," in ji baƙuwar, tana nuna tsakanin kafaɗunta.

"Buga masa baya, nan tsakanin kafaɗu!"

Uwar ta hau bubbuga shi a hankali, irin na lallashin barci.

"No! Not pat. Strike!"

Malam ya san bambancin, shi da ya sha rubuta shi a allo. Pat shi ne abin da uwa ke yi wa ɗanta kullum, strike kuwa sai da nauyin hannu. To da wace kalma zai sa uwa ta yi wa jinjiri haka? Mari na fuska ne. Naushi sai ya karya masa ƙashi. In ya ce duka, sai ta ƙanƙame yaron ta ƙi. Leɓen yaron ya fara yin baƙi.

"Dundu!" Bai san lokacin da ta fito daga bakinsa ba. "Yi masa dundu! Amma kada ki dunƙule hannu, da gindin tafi, ga shi tana nuna miki."

"Malam, zan kashe shi!"

"Ba za ki kashe shi ba. Yayarki ba ta taɓa yi miki dundu ba? Kin mutu? Irinsa nake so. Ɗaya!"

Ta runtse ido ta sauke hannu. Har direba ya ji ƙarar.

"Biyu!"

Yanzu duk motar ke ƙirgawa tare da shi. A na huɗu wani ɗan farin abu ya yi tsalle, ya bugi ƙarfen kujera, ya gangara ƙarƙashin buhu. Yaron ya ja iska da wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ya tsala kuka.

Malam bai taɓa jin abu mai daɗin wannan kukan ba. Wani tsoho ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji yana kabbara ƙasa-ƙasa. Uwar kuwa tafin hannunta ta tsaya kallo, kamar na wata aka ara mata.

Baƙuwar ta ce duk da haka a tsaya asibitin farko a duba shi. Malam ya fassara, direba ya ce ko kyauta zai kai su.

Da mota ta hau titi, baƙuwar ta juyo ta tambaye shi wace kalma ce ya faɗa, da ta sa uwar ta canza hannu nan take.

"Dundu," in ji shi.

Ta ce me ke nan da Turanci? Ya ce thump, sai kuma ya girgiza kai. Ana yi wa tebur thump, ana yi wa ƙofa. Dundu kuwa a baya ake yinsa, kuma galibi wanda ya goya ka ne ke yi maka. Ya fara jero mata bayani, jimla na bin jimla, shi kansa yana jin bai kai ba.

Ta yi murmushi ta miƙo masa hannun nan mai filasta, ta ce ya rubuta mata kalmar a jikin filastar, haka nan yadda take. Ya ɗauko biron da yake duba jarrabawa da shi ya rubuta mata, harafi biyar kacal.