Rufin Ɗakin Inna

Rediyo ya ce za a yi iska mai ƙarfi a yankin Dawakin Tofa, amma sai gobe da yamma. Shi ya sa Usaini ya ɗora buhun wake a babur ya tafi kasuwar Dawanau hankali kwance, ya bar matarsa Barira da mahaifiyarsa, Inna Maimunat, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara. Barira ce ke mata wanka, ita ke juya ta, ga ta kuma da tsohon ciki.

Bayan azahar gari ya yi tsit. Zafi ya danne, ko ganyen darbejiyar tsakar gida ba ya motsi. Barira na tankaɗe sai ta ga kaji sun shige ƙarƙashin rumbu, akuya tana ta fizgar turke. Ta leƙa ta katanga. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya sauko har ƙasa, yana tafe yana haɗiye gonaki.

Ta kira Usaini a waya.

"Nan rana ce ƙwal," in ji shi cikin hayaniyar kasuwa. "Ki rufe tagogi, ga ni nan."

Kafin ta ajiye wayar iska ta fizge rariyar daga hannunta. A maƙwabta mata na ta ƙwala wa 'ya'yansu kira. Maza duk suna gona wajen kai taki.

Ta faɗa ɗakin Inna. Kwanon rufin yana ɗagawa yana komawa, duk ɗagawa sai haske ya shigo ta kusurwa, ƙasa na zubowa kan gado.

"Inna, mu koma zaure. Shi rufin azara ne, ba zai tashi ba."

"Da wane ƙarfin, 'yar nan?" in ji tsohuwar, bakinta a karkace. "Tafi ki tsira da abin da ke cikinki. Ni na ci zamanina."

Barira ta dubi cikinta. Goyo ba zai yiwu ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta zamo da Inna kanta a hankali, ta kama bakin tabarmar da hannu biyu ta fara ja da baya.

A tsakar gida yashi ya dinga dukan fuskarta har ba ta iya buɗe ido. Wani fallen kwano ya taso daga gidan maƙwabta, ya wuce ta saman kanta da ƙara, ya datse igiyar shanya. Ta durƙusa ta rufe Inna da jikinta, tana ta "Hasbunallahu". Sannan ta miƙe ta ci gaba da ja.

Suna shiga zaure suka ji ƙara kamar an tsaga sama. Rufin ɗakin ya tashi gaba ɗaya, bangon gabas ya rufta kan gadon. Ruwa ya kece.

Sai a lokacin Barira ta ji mararta ta ƙulle. Ta jingina da bango ta dafe cikin.

"Inna, ba ya motsi."

Tsohuwar ta miƙo hannunta mai lafiya ta ɗora a kan cikin, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Suka zauna suna jira, ruwa na kwarara ta indararo. Barira ba ta san tsawon zaman da suka yi a haka ba. Can sai ta ji ɗan naushi a ƙarƙashin haƙarƙarinta. Inna ma ta ji. Suka dubi juna, Barira ta fashe da kuka.

Usaini ya iso jiƙe sharkaf. Ganin rufin ɗakin Inna a kwance cikin gona ya sa ya yar da babur, ya shiga ta inda katanga ta zube, ya hau yaye tubala da hannu yana kiran mahaifiyarsa.

Daga zaure Inna ta tattara ƙarfinta ta ɗaga murya.

"Kai Usaini! Bar tonon nan. Je ka kira ungozoma ta duba yarinyar nan."