Na Gode, Mushe

Ni na kira su, wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba. Ban buga waya ba, ban rubuta takarda ba, amma bakina ne ya kawo su har ƙofar rumfata.

Sunana Rakiyya, ina da wurin gyaran zoɓo a Maigatari. Mata goma sha biyu ke zama a rumfar suna tsince tsakuwa da kara, suna sheƙewa, kafin a ɗura a buhu motoci su kwashe. Biyar a cikinsu 'yan tsallaken iyaka ne, babu mai ko fallen takarda. To, wa ya taɓa tambaya? Ni kaina kakata daga Dungas, can tsallaken, aka auro ta. Babba a cikin biyar ɗin ita ce Sauda, shekara tara muna tare. Ita ta tsaya min a wankan jegon autata. Ita ke riƙe da makullin sito, ƙulle a bakin zaninta, saboda ni ko ɗankunnena ba na iya adanawa.

Sai siyasa ta shiga kaina. Na nemi kujerar shugabar mata ta jam'iyyarmu, aka kira taro a Gumel. Ranar maganar kowa ɗaya ce, baƙin haure sun cinye aikin 'yan ƙasa. Da aka miƙo min lasifika na ga inda ake tafi, sai na bi can. Na ce matanmu na zaune a gida hannu rabbana, na waje na ta shigowa ba a san asalinsu ba. Aka yi guɗa. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara gishiri.

Talatu, wadda muke neman kujerar tare, ta miƙe a hankali. Ta ce baƙo ba ya ba kansa aiki, in da gaske ake a fara da masu ɗaukarsu don suna da arha. Ta dube ni ta ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni kuma ba a yi min haka a cikin mutane. Na ce a fara da rumfata.

Ranar Lahadi da yamma aka tsegunta min cewa jami'an shige da fice za su zo washegari. Na sallami huɗun, na ce su tsallaka sai ƙura ta lafa. Sauda ce ban sallama ba. Akwai mota da za ta yi lodi Litinin, kuma in ba ita ba babu mai sanin buhun da ya bushe da wanda ya sha raɓa. Wannan shi ne dalilina, ba wani ba, kuma har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina.

Na zaunar da ita na yi mata karatu. Ki ce ke 'yar Sule Tankarkar ce. Kada ki ce lakwal, ki ce makaranta. Kada ki ce kamyo, ki ce babbar mota. Tana ta dariya, ta ce wai da tsufanta za a sake koya mata Hausa.

Da hantsi jami'an suka iso su uku, ga Talatu a bayansu da mata biyu, wai ta zo ganin ido. Jami'in da ke tambaya mutum ne mai ladabi. Ya san tsofaffinmu da yawa ba su da katin ɗan ƙasa, don haka hira kawai yake yi da su. Ya zo kan Sauda. Ta faɗi gari, ta faɗi unguwa, har sunan mai unguwar da na haddace mata. Ta ce makaranta, ta ce babbar mota, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a, Baba, ya juya zai wuce. Sai ta ɗan russuna, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita.

"Na gode, Mushe."

A wurinmu mushe dabba ce da ta mutu ba yanka. A can kuwa haka ake girmama malami ko ma'aikaci. Wannan kaɗai na manta ban hana ta ba. Ɗaya daga cikin matan Talatu ta tuntsire da dariya. Jami'in bai yi fushi ba, ya gane. Ya dawo ya tsaya, ya dube ni.

"Hajiya, tun yaushe take aiki a nan?"

Da na ce shekara tara, da an kira ni ofis, da maganar ta kai Gumel kafin azahar. Na ga Talatu ta gyara tsayuwa.

"Yau ta fara zuwa," na ce. "Ban ma san ta ba."

Matan rumfar duk suka sunkuyar da kai. Sauda ta dube ni, ba da harara ba, irin kallon da take min in na ɓata lissafin awo. Na ga hannunta ya sauka bakin zaninta, ya tura ƙullin ciki.

"Gaskiya Hajiya ta faɗa," ta ce. "Yau na zo."

Ba su wulaƙanta ta ba. Sun bar ta ta ɗauki mayafinta, suka raka ta bakin iyaka. Mota ta yi lodi da buhunan da ke waje. Sito kuwa ya kwana a kulle, na ce wa mata makullin ya ɓace, kowa ya yi kamar ya yarda.

Na ci kujerar. Talatu da kanta ta ce a gaban jama'a an bincika an ga rumfata tas. Ranar da aka yi min walima ban taɓa abincin ba, na ce zazzaɓi ne.

Ranar Alhamis ta kasuwa, wani ɗan acaɓa mai suna Ɗantala, wanda ke jigilar mutane zuwa tsallake, ya tsaya a ƙofar rumfa. Ya miƙo min ƙyallen atamfa a ƙulle. Na san zanin, ni na saya wa Sauda da ƙaramar sallah. Na kwance, makullin ne.

Na tambaye shi ko ta ce wani abu. Ina jira ya ce ta yi Allah ya isa, wallahi da na ji sauƙi. Ya ce ta ce a gaishe ni da autata. Ta ce ta tafi da shi ne don kada a gan shi a hannunta, tunda wadda ta zo yau ba a ba ta makulli. Kuma wai in riƙa ɗiga wa kwaɗon man gyaɗa, yana cijewa.

Na je na saka makullin. Ya cije. Na tsaya a nan ina murɗawa, mata suna kallona, babu wadda ta taso.