Lauyan Jaki

Sada na tsaye a gindin rumbu yana ɗaga hannu yana zuba Turanci, kaji na kallonsa, sai ga mahaifinsa, Malam Mamuda, ya dawo daga gonar auduga.

"Kai da wa kake faɗa?"

"Aikin kwaleji ne, Baba. Insha'in muhawara. Malamin Turanci ya ce in rubuta cewa jaki ya fi keke."

Shekara biyu ke nan Sada na roƙon keke. Tsohon ya yi alkawarin in an kai audugar bana Funtuwa zai sayo masa, saura kwana uku. Da mai wayo ne, da ya ninke takardar ya sa aljihu. Amma Sada ɗan aji biyu ne a kwalejin horon malamai, kuma bai taɓa samun masu sauraro ba sai kaji.

"Fassara mini in ji," in ji Malam Mamuda, ya zauna kan kututture.

Sada ya gyara murya. Ya yi gabatarwa, ya jero hujjoji uku yadda aka koya musu: jaki ba ya faci, yana ɗaukar dawa daga Kafur har Malumfashi, ga taki kyauta. Sannan ya zo inda ake kawo maganar abokin hamayya a rushe ta.

"Wani zai ce keke ya fi sauri. Saurin me? Da damina in laka ta kama shi, kai za ka ɗauke shi a ka!"

Malam Mamuda ya daɗe yana gyaɗa kai. "Lallai karatun nan bai tafi a banza ba."

Ranar da aka kai auduga, Sada ya fita bakin hanya tun la'asar, zuciya fes, yana kasa kunne ya ji ƙararrawa. Kukan jaki ya ji.

"Baba, ina keken?"

"Ai ka gama da keke. Ga naka nan."

"Wallahi ba ra'ayina ba ne! Ɓangaren da aka ba ni ke nan. Baba, keke ya fi sauri..."

"Saurin me?" in ji tsohon. "Da bakinka ka rushe wannan. Ko ƙarya ake koya muku a can, in cire ka?"

Sada ya miƙa hannu. Ya karɓi igiya kamar zai yi kuka.

Insha'in nan shi ya zo na ɗaya a aji. A ƙasa malamin ya rubuta da jan tawada cewa hujjojin za su shawo kan kowa. Sada ya karanta, ya leƙa taga. Jakin da ya hawo zuwa kwaleji ya kwance igiya, yana cin furannin shugaban makaranta.