Kwanar Gawo

A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, babura suka cika Kaura Namoda kamar fara. Malamin makaranta ya saya, akawun auduga ya saya, har mai kaɗa ƙararrawa a tashar jirgi ya saya. Maiwada ba ma'aikaci ba ne. Tela ne, mutumin Badarawa ta ƙasar Shinkafi, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Amma da ya gaji da shaƙar hayaƙin wasu yana zaune kan keken ɗinki, sai ya koma gida ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya sayo nasa babur, ja, na hannu.

Ko tayar da shi bai iya ba. Wanda ya koya masa shi ne maƙwabcinsa Gyang, Birom daga ƙasar Jos, mai gyaran injin jirgi a reluwe. Gajere ne kakkaura, ba ya son yawan magana, amma in ya hau babur sai ka rantse da shi aka haife shi. Kullum da la'asar sai ya fita da Maiwada bayan gari, ya zauna bayansa yana dukan kafaɗarsa. "Sassauta hannu. Dubi inda za ka, ba inda kake tsoro ba. In ka shiga kwana, ka manta kana da birkin gaba."

Gyang da abokansa sun share wani fili ta hanyar Ɗan Isa, sun fitar da zagaye a kan jan burji, suna tsere a can ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Abin ya yi suna, har daga Zurmi da Shinkafi samari na zuwa. Maiwada ya sha tsayawa a gefe yana kallo, zuciyarsa na bugawa tare da injuna. Da hannunsa ya ɗan faɗa, Gyang ya ce masa, "Wannan watan za ka shiga. Ba don ka ci ba. Ka gama zagayenka kawai."

Maiwada ya aika wa yayansa Hammadu saƙo Badarawa. Hammadu ne ya fi kowa faɗa ranar da aka fita da bijimin nan, har ya ce ƙanensa ya canza dabba mai rai da ƙarfe mai tusa. Duk da haka ya zo, tun ranar Juma'a, shi da abokansa biyu, a bayan motar gyaɗa.

Tsakiyar marka ce. Ranar Asabar tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kafin azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Maiwada ya tura babur ɗinsa zuwa zauren Gyang, ya tarar da shi zaune da kofin shayi yana kallon indararo, matarsa Helen na tara bokitai a ƙarƙashi.

"Oga, lokaci ya yi."

Gyang bai ko juyo ba. "Lokacin me? Ba ka ga sama ba?"

"An ce mutanen Zurmi sun iso. Sun ce ko ana ruwan duwatsu sai an yi."

"Su yi. Ni ba zan hau ba yau, kai ma ba za ka hau ba." Ya ajiye kofin. "Maiwada, burjin nan in ya sha ruwa ya fi kuɓewa santsi. Ba ka taɓa juya babur a taɓo ba. Wanda ya iya ma addu'a yake yi. Ka bari sai an ɗauke."

"Oga, yayana shina nan. Tun daga Badarawa ya taho."

"Zai koma ya sake zuwa."

"Ba ka san shi ba."

Helen ta ɗago daga kan bokiti ta ce, "Malam Maiwada, ka ji maganar Baban Grace mana. Shiga ka sha shayi."

Da ya shiga ya sha shayin nan, da labarin ya ƙare ke nan. Amma sai ya ce bari dai ya je ya ga fili, kallo kawai. Gyang ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya tashi ya ɗauko rigar ruwansa ta reluwe, ya fito da nasa babur.

A fili mutane sun cunkushe ƙarƙashin wata rumfar kara da ke yoyo. Zagayen ya koma jan kunu, ruwa na gudu a kansa. Can ƙarshe, inda hanya ke lanƙwasa ta kewaye wani tsohon gawo, har tafki ya kwanta. Mafi yawan masu tsere sun jingine baburansu sun naɗe hannu. 'Yan kaɗan ne ke tayar da inji, a gabansu akwai Jaji na Zurmi, dogon saurayi mai haƙorin azurfa wanda ya saba cinye kowa.

Jaji ya hango jan babur ya yi dariya. "A'a, tela! Kai ma ka zo? Koma gida, wanga ruwa ba na masu allura ba ne."

Aka yi ta dariya. Maiwada ya waiwaya wajen yayansa. Hammadu bai yi dariya ba. Yana tsaye da buhu a ka, rigarsa ta manne a jiki, yana kallon babur ɗin kamar yadda ake kallon gonar da ba ta yi ba. Da ma ya yi magana, da ya fi sauƙi.

Maiwada ya tura babur zuwa layi.

Gyang ya biyo shi ya kama sitiyarin. Ruwa na zuba daga gemunsa. "Ka ce kallo."

"Oga, ka yi haƙuri. In na koma yanzu, ba ni da fuskar shiga Badarawa."

"Fuska ake gyarawa ko ƙashi?"

Maiwada ya sunkuyar da kai, hannunsa na kan totur. Gyang ya saki sitiyarin, ya yi tsaki, ya koma ya kawo nasa babur ya tsaya daf da bayansa. "To ji nan. Ina bayanka. Kada ka bi kowa. Kada ka wuce giya ta biyu. In ka ji ƙahona, ka rage."

Aka ɗaga ƙyalle, aka sauke.

Da farko abin ya zo da sauƙi har ya ba shi mamaki. Babur na rawa a ƙarƙashinsa kamar ɗanyen doki, amma yana tafiya. Ruwa na sukar fuskarsa, yana ƙifta ido yana ganin hanya rabi-rabi. Ya kewaye gawon a hankali, ƙafa ɗaya na jan taɓo, ya fito. Ya ji ƙahon Gyang sau ɗaya, gajere, kamar yabo. Da ya wuce rumfa ya ji an kira sunansa, kuma ya tabbata muryar Hammadu ce.

Wannan kiran ne ya shiga kansa. Daidai nan Jaji, wanda har ya zagayo, ya wuce shi kamar iska ya watsa masa taɓo a baki. Maiwada ya tofar, ya taka giya, ya murɗa. Ƙaho ya yi ta kuka a bayansa, bai saurara ba. Daɗin gudun ya cika masa ƙirji. Sai ga gawo ya taso daga cikin ruwa, kusa ƙwarai, fiye da inda ya bar shi. Hannunsa ya damƙe birkin gaba tun kafin tunaninsa ya iso.

Tayar gaba ta zame. Ya ji ƙasa ta buge shi a kafaɗa, ya yi ta sulɓewa a kwance har tsakiyar hanya. Da ya buɗe ido sai ya ga tayar Gyang ta nufo kansa, babu tazarar tsayawa. Ya ga Gyang ya karkatar da babur da dukan jikinsa zuwa hagu. Tayar ta wuce gefen kunnensa. Sannan ya ji ƙarar, ba mai tsanani ba, kamar an jefar da buhun gero daga kan mota.

Maiwada ya miƙe. Ya shafa jikinsa, babu komai sai ƙujewa a gwiwar hannu. Gyang na kwance a gindin gawo, bayansa jingine da itacen, idonsa biyu, ruwa na sauka a fuskarsa.

"Oga! Oga, tashi!"

"Ka ji ciwo?" in ji Gyang.

"Lafiyata lau. Kamo hannuna."

Gyang ya dubi ƙafafunsa, kamar na wani ne aka ajiye masa. "Kada ka ja ni. Ba na jin su."

Aka ciro ƙyauren wata bukka aka ɗora shi. Jaji ne ya ruga gari ya samo mota, ya ɗauko Helen, ya dawo ba dariya, ba haƙorin da ke waje. Hanyar Gusau ta lalace, motar ta kafe a taɓo ba sau ɗaya ba, Hammadu da Maiwada na sauka suna turawa. Helen na zaune a baya da kan mijinta a cinyarta, tana yi masa waƙar coci da yarensu, ƙasa-ƙasa. Sai bayan magariba suka isa asibiti. Likita ya duba ya ce ƙashin baya ne.

A barandar asibiti Hammadu ya dafa ƙanensa ya ce, "Ƙaddara ce. Abin da Allah ya rubuta ba mai goge shi." Maiwada ya ce haka ne. Can Helen ta fito, ta tsaya gabansa, idonta a bushe.

"Ya ce maka kada ka hau?"

"Ya ce."

"A fili ma ya sake faɗa?"

"Ya sake."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Ba ta ƙara yi masa maganar ba har abada, kuma ba ta taɓa hana shi shiga ba.

Maiwada ya rufe rumfa ya tare a Gusau. Shi ke juya Gyang a kan gado, shi ke fitar da fo, shi ke aske masa gemu. Gyang bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Wasu ranakun yakan yi hira har da dariya. Wasu ranakun yakan juya fuska bango tun safe, in Maiwada ya yi sallama ya yi shiru. Wata rana, ana ba shi kunu, ya ce, "Da na zauna na shanye shayina." Maiwada ya jira sauran maganar, ba ta zo ba.

Da kaka ta yi, aka sallami Gyang daga aiki. Abokan aikinsa suka ɗauke shi a kan katifa suka shigar da shi tarago zai koma ƙasarsu, Helen da 'yarsu Grace na biye da ƙullin kaya. Maiwada ya tsaya a bakin taga. Gyang ya ce, "Ka koma ɗinkinka. Mutane na jiran kayan salla." Jirgi ya yi kuka ya ja.

Ya koma ɗinki. Babur ɗin ya bar wa Hammadu, shi kuma ya sayar da shi a kasuwar Shinkafi ba tare da ya tambayi kowa ba. Damina biyu suka wuce. Wata safiya wani gadin jirgi ya tsaya a rumfarsa ya gaya masa Gyang ya rasu, gyambon kwanciya ne ya cinye shi, har an yi jana'iza.

Maiwada bai san yadda ake gaisuwar mutuwa a ƙasarsu ba. Ya auni gero buhu guda, ya hau jirgi zuwa Zariya, ya sake wani, ya yi ta tambaya har ya isa wani ƙauye a bayan Bukuru, cikin duwatsu da sanyi. Ya sami Helen a ƙofar ɗaki tana tsince acca a faifai. Ta rame, ta yi furfura a goshi. Ta dube shi, ta dubi buhun, ta tura masa kujera 'yar tsugunno. Grace ta kawo ruwa ya sha.

Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu. Ya ce, "Maman Grace, ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji ta. Ta ci gaba da tsintar accarta. Can ta ce, "Gero ya yi kyau bana a wajenku?"

"Ya yi," in ji Maiwada.