Ka Goge Muryata

...kuma ai ban ce ba zan yi ba, Valdrin. Yaushe na ce? Ga ni zaune. Ga kwamfutar a kunne, ga waƙoƙinmu arba'in da ɗaya a jere, tun daga wadda muka ɗauka muna 'yan shekara sha tara da makirfon aro, a ɗakin nan na saman shagon kawuna, har zuwa ta ƙarshe, wadda ka yi rabinta ka miƙe ka ce kai da kiɗa har abada. Duk ga su. Dannawa ɗaya ce... biyu. Sai ta tambaye ni ko na tabbata. Na'ura ma sai ta tambayi mutum ko ya tabbata.

Yau Juma'a. Kwana goma sha biyu da muka sa ka a ƙasa.

Ni na shiga kabarin na karɓe ka. Ba nauyi. Kai da ake cewa dandamali na girgiza in ka yi tsalle... ciwon dajin nan bai bar min abin da zan riƙe ba sai likkafani. Har yanzu akwai ƙasar maƙabartar garinmu Prizren a ɗinkin takalmina, na ƙi wankewa, ban san dalili ba.

Hannunka a wuyan hannuna. Asibiti, warin magani, robar ƙarin ruwa tana ɗiga kamar mai ƙidaya maka.

"Fisnik, ka ba ni besa."

"A kan me?"

"Ka ba ni tukuna."

"Kai, ɗan iska, haka ake yi? Mutum ya rantse bai ji magana ba?"

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Ni kuma na bayar. Wa ke hana mai mutuwa? Kuma ka san abin da ka roƙa, ka san a wurinmu namiji in ya ba da besa, alkawarin rantsuwar nan, gara a ce ya mutu da a ce ya karya. Sai da ka ɗaure ni tamau sannan ka faɗa. "Ka goge muryata. Duka. Duk wanda ya kunna, a kaina ake rubutawa. Kullum muna jin sadaka mai gudana a huɗuba... ni zunubina ne zai yi ta gudana, ina kwance ana aiko min."

Na ce to ni fa? Rabin kowace waƙa ai muryata ce.

Ka juya ka kalli taga.

Shi ke nan. Ka kalli taga. Shekara ashirin da biyar muna tare, Valdrin, amsar da ka bar min ke nan — ƙeyarka da wata taga da ba a ganin komai ta cikinta sai bangon wani gini. Me kake nufi? Ni na riga na ɓata ne, ba a ɓata baki a kaina? Ko kunya ka ji? Ko ciwon ne ya murɗa? Da ka ce min ɗan wuta ne ni da na san inda na tsaya...

Waya. Burim ne kuma, manajanmu. Manajana, na ce, tunda kai ka sallame shi shekara uku da suka wuce. Gobe wasa a Zurik, can Suwizalan, tikiti ya ƙare tun makon jiya, duk 'yan garinmu da ke can. Ga saƙonsa: za su sa hotonka a babban allo, a kashe fitilu, a saki muryarka a "Ƙarƙashin Gada", ni in yi baitina, naka a bar ka ka yi da kanka. "Wallahi kowa sai ya yi kuka, ɗan'uwa. Wannan ce karramawar da ta dace da shi." Karramawa! Waƙar da ka fi tsana. Wadda muka zagi kowa da uwarsa a ciki, muka lissafa kwalabe da 'yan mata kamar masu kirari, muna da shekara ashirin da biyu ba mu da ko kuɗin burek, ɗan burodin naman nan na bakin titi. Ita ce ta fitar da mu. Ita ake so har yau. Na rubuta waƙa ashirin bayanta, masu tsabta, a kan mahaifinka, a kan yaran da ke hawa bas suna barin ƙasar nan, a kan sallar asuba ma na rubuta — wa ya damu? In na hau dandamali ihu suke, Gada! Gada!

Na kife wayar. Me zan ce? In ce mamacin ya hana?

Shekara biyar ban sa giya a bakina ba. Ka sani. Kai ne ma ka fara yi min dariya lokacin, kafin kai ma abin ya zo maka, ya zo maka da ƙarfin da ya fi nawa, ka tsallake ni ka wuce. Ka bar gemu, ka koma ɗora tayil a gidajen mutane, gwiwoyinka duk siminti, fuskarka kuwa... fuskarka ta huta. Abin da ban yafe maka ba ke nan. Ka huta. Ni kuwa ina shimfiɗa jaket a bayan dandamali tsakanin akwatunan giyar wasu, in kabbara, in sa goshi a ƙasa kiɗa na dukan ƙasar yana shigowa ta ƙashin kaina... subhana rabbiyal a'ala, dum, dum, dum... in sallame, in fita da gudu in ce ku ɗaga hannuwanku sama! Hannuwan da na gama ɗagawa yanzun nan. Wa nake yaudara? Allah? Ai ba a yaudararsa. To wa?

Amma kuma wallahi akwai daren da... a'a, ba dare ba, ko da rana a ɗakin nan, in baiti ya zo daidai, kalma ta hau kalma ta zauna daram, sai in ji kamar ba ni na yi ba, ba ni aka yi. Wa ya ba ni? In Shaiɗan ne, me ya sa nake jin godiya? Wa nake gode wa?

Na tambaya ai. Kar ka ce ban tambaya ba. Limamin nan matashi na masallacinku, wanda ya yi karatu a waje, bai ko bari na gama ba. Haramun ne, ɗan'uwa, kiɗa haramun ne, ka cika wasiyya ka kuma ceci kanka. Idonsa tar, babu ko ɗigon shakka. Na yi masa hassada, wallahi. Sai na gangara wurin Hoja Nusret, tsohon da ya koya mana alif da ba, na same shi a bakin kogi da kofin gahawar makiyato. Ya ce waƙa magana ce, ɗana, mai kyaunta mai kyau, mummunarta mummuna. Na ce to alkawarin fa? Ya ce alkawari kaya ne. Na ce to uwarsa fa, Hoja?

Sai ya yi ta juya cokali a kofi. Ya yi ta juyawa har abin ya huce.

Uwarka, Valdrin. Ka yi tunanin uwarka kuwa da kake ɗaure ni?

Jiya na je. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi wani irin faɗi. Nana Sevdije na zaune a tsakar gida tana ɓare gasasshen tattasai, tuli guda, wa zai ci oho, hannu ne dai ke neman abin yi. Wayarta jingine da kwano. Tun daga ƙofa na ji... kai ne. "Ƙarƙashin Gada". Tsohuwa mai kallabi da carbi a wuya, ɗanta na surfa ashar daga cikin waya, ita ko a jikinta. Ba kalmomin take ji ba. Ta ɗaga yatsa, jajir da tattasai, ta ce in yi shiru.

"Tsaya, tsaya... nan. Ka ji? Nan yake dariya."

Akwai wurin. Bayan baiti na biyu, inda na yi tuntuɓen harshe ka fashe da dariya muka bar shi a ciki. Daƙiƙa biyu. Ta mayar baya. Ta sake mayarwa. Allon wayar duk ya ɓaci da ruwan tattasai.

Matarka ta gaya mata wasiyyar, ashe. Ba ta ko kalle ni ba da za ta yi maganar. "Fisnik, ɗana, ubansa ban da ko kaset ɗinsa. Na manta yadda yake kiran sunana, ka ji? Ina ƙoƙari in tuna, babu. Kai ka sa min wannan a rami da hannunka, na gode. Kar ka binne min shi sau biyu."

Ubanka... layin nan na masu gudun yaƙi a hanyar iyaka, muna da shekara takwas, tarakta da katifu da tsofaffi a baro. Wani soja ya nuna shi da bakin bindiga kawai, kai, fito. Ya miƙa maka jakar burodi ya ce riƙe, yanzu zan dawo. Ka riƙe jakar nan har garin Kukes, ƙetaren iyaka, ka hana kowa taɓawa har burodin ya yi fumfuna. Baitinka na farko a duniya a kan jakar nan ne. Ka manta? A ƙarƙashin gadar dutse, kana karanta min daga bayan littafin lissafi. Shekara goma ba ka iya faɗin abin ga kowa ba sai da kiɗa ya buɗe maka baki. Shi ma haramun ne? Shi ma in goge? Ka ce duka. Duka ka ce.

Wata mota a ƙasa. Watan Agusta ne, 'yan garinmu mazauna Suwizalan sun dawo hutu da manyan motocinsu, kowace rana biki, kowane lungu oda. Gilashin tagar nan na karkarwa... na san kiɗan tun kafin in ji murya. Ga ka nan kana wucewa ta ƙofar shagon kawuna, kana zagin duniya, ka sha kwana ka yi wajen kasuwa.

To ka gani? Ka gani, malam mai wasiyya? In na goge nawa, na yaron da ke cikin motar nan fa? Na wayar uwarka? Na dubban da suka sauke suka adana, suka yanka suka ɗora a bidiyon aurensu? Ruwa ne ya zube a rairayi ka ce in kwashe maka da cokali. Ka sani sarai. Kai ba wawa ba ne, ka fi ni sanin yadda intanet take. To me ka roƙe ni ke nan? Ko ba gogewar kake so ba... so kake ni in danna da hannuna, in gani da idona, in ce e, duk abin da muka yi da rayuwarmu datti ne. So kake ka ja ni in biyo ka. Wa'azinka na ƙarshe ke nan, ka yi min shi da igiya a wuya.

Ko kuwa tsoro ne kawai. Mutum ne kwance yana jin ƙamshin kabari, yana laluben duk abin da zai sauke. Astagfirullah. Ka yafe min. Ni wa ya gaya min abin da kake gani a tagar nan?

An fara kiran salla. Masallacin bakin kogi, sai na sama ya karɓa, sai wancan... garin nan ba ya rasa ladan. In na tashi yanzu zan samu sahun gaba. In zauna kusa da wa? Rabin masallacin sun san baitocin Gada da ka, rabin kuma suna kallona kamar na shigo da kare.

Bari in gwada abu ɗaya. Ɗaya kawai. Ba sai na goge waƙar ba, ai muryarka a layinta take daban, tawa daban, kiɗa daban. In cire taka in bar sauran... rami a tsakiyar kowace waƙa, ni ina amsa wa wanda ba ya nan. To. Ga ainihin ɗaukar, ta ranar, wadda ba a taɓa ba, kafin a yanke a gyara. Na kashe kiɗan. Na kashe tawa. Saura kai kaɗai.

Shuuu... ƙarar ɗakin. Wannan ɗakin. Kujera ta motsa. Ka yi gyaran murya. Kana jan numfashi, kusa da makirfo, kamar a kunnena...

Me ka ce?

Baya. Ƙara sauti.

"Bismillah."

Can ƙasa-ƙasa, kamar mai shirin kai loma. Sannan ashar ɗin farko ya biyo.

Ban taɓa ji ba. Ni na yanke farkon da hannuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ban saurara ba, shiru ne na ɗauka. Bari in ga wata... ta biyu. Bismillah. Ta bakwai, wadda muka ɗauka kana warin giya, da ƙyar kake tsayuwa — bismillah. Ta jakar burodi. Ta goma sha tara. Duka, Valdrin? Duk tsawon shekarun nan? Kai ma ka san kana yi kuwa, ko bakinka ne kawai, yadda Nana ta saba maka tun kana rarrafe?

To wanne aka rubuta maka? Wannan, ko abin da ya biyo baya? In na goge, da wannan zan goge. Ba ya rabuwa... numfashi ɗaya ne, ka ja shi da sunan Allah ka sauke shi da zagi, ba inda zan sa wuƙa.

Liman ya hau mumbari, ina jiyo shi sama-sama ta lasifika. Na zaɓe su duka, arba'in da ɗaya, sun yi shuɗi. Ta tambaye ni ko na tabbata. Yatsana na kai. Bakina ya buɗe da kansa zai faɗi abin da ake faɗa kafin a fara kowane aiki...

Ya ƙi fita, Valdrin. Ya tsaya min a nan. Na gaji.