Gayyar Binne Inabi

Ni dai ban taɓa shan giyar ƙanena ba, ko kurɓi ɗaya, amma babu kwalbar da ban san abin da ake ci da ita ba, tunda ni ke girkawa. Kala huɗu Elmurod yake yi a gidan giyarsa da ke bayan gonarmu a garinmu Parkent. Farar giya mai suna Bayan Shirey, da samosar kabewa ake kawo ta. Rkatsiteli mai ɗan tsami, ita da soyayyen kifi. Baƙar Saperavi mai rina haƙora kuwa sai tsiren rago. Ta huɗun ta Soyaki ce, inabin garinmu, ya liƙa mata sunan mahaifinmu Turdikul har da hotonsa da hula, ana kawo ta da osh, dafa-dukarmu ta karas da kitsen rago. Inabin ukun farko sayowa yake yi. Soyaki kuwa daga gangaren tudunmu ake tsinko shi, itatuwan da Baba ya dasa shekarar da aka haife ni.

Baba bai dasa su don giya ba. Ci muke yi, mu shanya zabibi, mu kai kasuwa. Bayan rasuwarsa Elmurod ya dawo daga babban birni Tashkent da takalmi mai tsini da baki kamar zuma, ya gina ɗakin baƙi. Na yi faɗa har na gaji, na ɗaure kallabina na shiga madafi. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun watse, ina za ni? Gaskiyar magana, itatuwan nan ne suka zaunar da ni. In na bi ta cikinsu da safe sai in ji kamar Baba yana gaba da almakashinsa yana mita.

Inabi a nan ba ya shiga hunturu a tsaye. Da ganye ya fara zuba sai a kwanto rassan daga jikin waya, a kwantar da su, a rufe da ƙasa har sanyi ya wuce. Gayya ake yi, gida bayan gida, mai gona ba ya biyan kowa sai tukunyar osh. Baba Norboy, dattijon unguwa, shi ke raba ranaku.

Ya same mu a ƙofar madafi ina fere karas, ya ce, "Hosiyat, Asabar taku ce. A jiƙa shinkafa da yawa, 'ya'yan Sotvoldi za su zo, kin san cikinsu."

Elmurod ya yi ta murza hannu. "Baba, a ɗan ɗaga mana. Baƙi ne da ni Asabar ɗin nan da ta gaba, har da Turawa. A gindin jajayen ganyen nan suke so su zauna."

"Ni sai in ɗaga, ɗana. Sanyin ne ban san ko zai ji maganata ba."

Da ƙanena ya tsaya a nan da sauƙi. Amma bakin Elmurod ba ya da linzami. Ya ce, "To ga wata dabara. Ku zo Asabar ɗin, ku sa manyan riguna irin na da, ku binne layi ɗaya kawai a gaban baƙi su ɗauki hoto. Sauran sai daga baya."

Baba Norboy ya dube shi daga takalmi har kai. Ya ce, "Da ubanka muka yi shekara da shekaru muna binne inabin juna, ban taɓa sanin rawa muke yi ba." Ya juya ya fita, ko shayin da na zuba masa bai taɓa ba.

Na ajiye wuƙa na ce, "Kai yanzu ka ji abin da ka faɗa wa sa'an ubanka?"

"Haba Yaya. Mutum ya taso tun daga Tashkent don ya kalli tudun ƙasa kamar maƙabarta? Mako biyu ne fa. Sama ba za ta faɗo ba."

Ranar Asabar gayya ta tsallake mu ta shiga gonar maƙwabta. Ina jin ƙarar shebur da dariyarsu ta kan katanga, ni kuma ina zuba osh a ƙananan faranti kamar abincin mage. Elmurod na tsaye da kwalba yana ce wa baƙi kitsen rago ne ke fito da ƙamshin Soyaki, kuma kowane ɗigo daga itatuwan da mahaifinsa ya dasa da hannunsa ne. Wata mata har da share hawaye. Baƙin ciki ya hana ni cin komai ranar.

Ba a kai Asabar ta biyu ba sama ta washe tas, iska ta fara gangarowa daga duwatsu mai yanka kunne. Na yafa mayafi na tafi gidan Baba Norboy, na durƙusa.

"Baba, a yi haƙuri da yaro. Don darajar mahaifinmu."

"Tashi 'yata, ba fushi nake ba. Gidaje ne suka rage a layi, har da na matar marigayi Ergash. In ƙwace ranarta in ba ku, in ce mata me? Ku jira a gama, in Allah ya sa ƙasa ba ta rufe ba za mu zo."

Ƙasa ta rufe. Elmurod ya nemo 'yan ƙodago daga bakin titi, suka sara sau biyu shebur na tsalle kamar a kan dutse, suka karɓi na shayi suka tafi. Rassan da na yi ƙoƙarin tanƙwarawa suka dinga karyewa a hannuna. Na yi ta addu'ar dusar ƙanƙara ta sauko ko ta lulluɓe su, amma shekarar nan busasshen sanyi aka yi, sai da ya gama ɓarnarsa sannan ta zo.

Bayan Nauruz, bikin shigowar bazara, maƙwabta suka tone nasu. Inabi mai rai in ka yanke shi a lokacin nan hawaye yake yi, ruwa na ɗiga daga bakin yankan. Na bi namu da almakashi daga sama har ƙasan tudu. Duk inda na yanka a bushe yake, cikin ya yi baƙi. Na jira ko za su tofo daga gindi, har rumfunan inabin mutane suka yi kore shar, namu shiru.

Elmurod ya yi kwana biyu ba ya haɗa ido da ni. Na zaci nadama ce. Sai wata safiya na ji zarto, kafin azahar an jibge mini guntayen itatuwan inabinmu a bayan madafi.

Ya ce, "Yaya, abin da ya faru ya faru. Soyaki zan saya a wajen maƙwabta, wa zai gane? Wannan kuma kada ya tafi a banza. Kin san babu gawayin da ya kai itacen inabi a tsire."

Na ce, "Allah ya shirye ka," na shige ciki.

Yanzu tsiren nan ne ya fi komai kasuwa a gidan. Mutane suna tahowa musamman don shi da baƙar Saperavi, wai hayaƙin tsohon inabi ya ratsa naman. Jiya Elmurod ya kira ni gaban baƙi suka yi mini tafi. Da zan koma ya biyo ni har ƙofar madafi, ya rage murya.

"Yaya, itacen zai kai mu kaka kuwa?"

"In ana tsimi zai kai."

"To a dinga tsimi."

Na je bayan madafi na ɗauko wani gunto. A jikinsa akwai tabon wuƙar mahaifinmu, inda ya yi masa aure da wani reshe tun ina yarinya, har da ɗan zaren da ya ɗaure shi ya nutse cikin ɓawo. Na tsaya riƙe da shi. Sai aka ƙwala kira daga ciki cewa teburin bakin taga suna jiran tsire, na sa shi a wuta.