Kekuna Biyu a Wuyan Tirela

Duk wanda ya san Ghali a unguwar Xiaobei ya san shi da iya loda kwantena, ya kuma san bakinsa bai iya cewa a'a ba. Lodin shi ya ciyar da shi shekara da shekaru a Guangzhou. Rashin cewa a'a ɗin kuwa, matarsa Ramlatu ce kaɗai ta san abin da ya ci musu.

'Yarsu Radiyya a nan aka haife ta, a nan ta yi wayo, Sinancinta ma ya fi Hausarta gudu. Yanzu ta shekara goma sha ɗaya, an yanke shawarar mayar da ita Kano wajen kakarta ta yi makaranta, jirginta kuma ranar Talata. Tun tana 'yar mitsitsiya take roƙon ubanta abu guda: ya kai ta Zengcheng, inda ƙawayenta ke zuwa da iyayensu, su tuƙa keke a bakin kogi, su kwana a waje. Ghali bai taɓa hana ta ba. "In sha Allahu, in kaya suka tashi," yake cewa. Kaya kuwa ba su taɓa gama tashi ba.

Wannan karon dai ya ɗaura ɗamara. Ya je wurin Laoban Chen, wani Basine da suke haɗa kwantena tare, ya ari 'yar tirelarsa ta kwana. Wani ɗan ɗaki ne mai taya biyu, da gado a ciki da ƙofa ta baya, wanda ake ɗaurawa a gindin mota a ja. Har lasisin jan tirela Ghali ya je ya yi, bai gaya wa kowa ba. A wuyan tirelar, wato ƙarfen da ke tsakaninta da mota, akwai mazaunin kekuna biyu.

Chen ya dafa ƙarfen nan ya ce masa, "Kekuna a nan. Nauyi a gaba, baya kuma a bar shi sakayau. In baya ya fi gaba nauyi, tirela ce za ta tuƙa ka. In ta fara rawa, kar ka danna birki. Ɗaga ƙafa kawai, ka riƙe sitiyari."

Ghali ya gyaɗa kai don ladabi, amma a ransa dariya yake yi. Shi da ya loda kwantena iya lodawa, shi za a koya wa inda ake sa nauyi?

Ranar Asabar da safe suka fito lungun bayan gidansu. Radiyya da kanta ta turo kekenta, kore mai 'yar ƙararrawa, ta tsaya a kan ubanta har ya ɗaure shi a wuyan tirela kusa da wanda ya aro wa kansa. Ta jijjiga shi ta tabbatar ya zauna. Ramlatu ta shigar da kuloli da tabarmar salla. Da sun tashi a lokacin, da ba ni da labarin da zan ba ku.

To amma mota mai fili a bayanta ba ta ɓuya a Xiaobei. Mutanenmu duk inda suka je da halinsu suke zuwa: wanda zai yi tafiya, kowa na da saƙo a wuyansa, kuma saƙo hannu da hannu ake kai shi. Sai ga Alhaji Maidaji ya ɓullo daga bakin lungu, 'yan dako biyu na biye da shi da amalanke, dila huɗu na tufafi a kai.

Alhaji Maidaji ba wanda Ghali zai kalli idonsa ba ne. Shi ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara sauka ƙasar nan, ya shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa, ya riƙe hannunsa kasuwa-kasuwa har ya tsaya da ƙafarsa.

"Ghali, ashe Zengcheng za ka, ba ka faɗa ba," in ji Alhaji, yana murmushi. "Wandunan jins ne, masu ɗinkin can Xintang suka ɓata mini awo. Yau suke rufewa su tafi hutu. Ai hanyarka ce. Ka damƙa wa mai masana'antar a hannunsa, ka tsaya ya buɗe a gabanka."

"Alhaji, tirelar ƙarama ce, kuma ta aro ce."

"Kai ne za ka ce mini wuri ya yi kaɗan? Kai da ko allura ba ka bari ta kwana a waje?"

Ghali ya dubi Ramlatu. Ramlatu ta dubi bango. Ya ji kunya ta rufe shi, ya kuma ji daɗin yabon, abin da ya fi muni ke nan. Ya nannaɗe hannun riga.

Ƙa'idar masu lodi guda ce, kuma ta shiga jinin Ghali: abin da za a fara saukewa shi ake sawa a ƙarshe, a bakin ƙofa. Xintang za su fara tsayawa, ƙofar tirela kuma a baya take. Sai ya jera dila huɗun nan tsaf a can ƙarshen gindi, biyu a ƙasa biyu a sama, ya tura ƙofa ta rufu da ƙyar. Aiki ya yi kyau, har 'yan dakon suka ɗaga masa babban yatsa. Maganar Chen kuwa ko sau ɗaya ba ta faɗo masa ba.

Cikin gari ba a ji komai ba, don cunkoso bai bar kowa ya yi gudu ba. Radiyya na kujerar baya tana ta zuba, tana lissafa musu inda za su tsaya su sha ruwan rake. Sai da suka hau babbar hanyar Guangyuan, titi ya buɗe, Ghali ya ɗan taka totur, sannan ya ji motar ta yi masa wani iri a hannu. Gindinta ya yi sakayau, kamar wani na ɗaga shi daga baya. Zufa ta fara tsattsafo masa a tafin hannu duk da sanyin da ke cikin motar.

Wata doguwar mota mai ɗauke da kwantena ta taho ta hagunsu ta wuce. Iskarta ta ture tirelar gefe.

A madubi ya ga abin. Tirela ta karkata dama, ta dawo hagu, ta sake komawa dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Motar ta fara bin ta. Ƙararrawar keken Radiyya ta shiga bugawa da kanta a bayan gilashi, duk karkatawa bugu ɗaya.

"Abban Radiyya," in ji Ramlatu a hankali, ta dafe gaban motar da hannu biyu.

"Na gani."

Ƙafarsa ta riga ta tafi kan birki. A nan ne muryar Chen ta dawo masa, a makare amma ba ta makara gaba ɗaya ba. Ya janye ƙafar, ya bar ta a sama, ya ƙanƙame sitiyari ya miƙar da shi. Duk jikinsa na ce masa ya murɗa ya gyara, ya ƙi. Tirela ta sake fizgar su, ƙarfen gefen hanya ya matso har yana ganin tsatsar jikinsa. Wata mota a bayansu ta danna oda ba ta saki ba. Ramlatu na salati ƙasa-ƙasa. Daga kujerar baya kuwa ko tari bai ji ba, kuma shirun yarinyar ya fi komai tsorata shi.

Gudu ya ragu da kansa. Rawar ta fara ƙanƙancewa, ƙararrawa ta buga sau biyu a jere, ta ƙara ɗaya, ta yi shiru. Ghali ya kunna fitilun haɗari, ya rarrafa da motar a gefen hanya kamar mai ɗauke da ƙwai, har Allah ya kawo su wani gidan mai.

Ya kashe motar ya fito. Sannan ya zagaya ya duba inda tirela ta kama mota. Wuyan, wanda ya kamata ya danna ƙasa, sama yake ja, yana neman ɗaga gindin motar. Da hannunsa ya yi wannan aikin, da gwanintarsa, da iyalinsa a ciki. Tsoro ya sake shi, takaicin kansa ya kama shi.

Wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Maidaji ne. Ya bar ta ta gama ta katse.

Kan mai lodi ba ya hutawa, nan take ya fara auna wuri. Gaban tirelar daga ciki gado ne da kabad a kafe, dila ba za ta shige ba. Wuri ɗaya ne a gaban tayoyi da zai ɗauki nauyi, shi ne mazaunin kekuna. In aka sauke kekunan aka ɗaure dila biyu a wurin, aka tura sauran biyun tsakiya, tirela za ta zauna daram. Kekuna sai a bar wa masu gidan mai ajiya. Amma Ghali ya san Xintang. Za a ba shi shayi, a ce mai masana'anta na hanya, a buɗe dila ɗaya bayan ɗaya, a yi gardamar awo. Kafin ya zagayo ya ɗauki kekuna rana ta tafi, gobe kuma da sassafe za su juyo don haɗa kayan tafiya.

"Me ka yanke?" Ramlatu ta tambaye shi. Ta fito ta tsaya a gefensa, mayafinta duk ya jiƙe.

"Alhaji ne fa, Ramlatu."

"Na san ko wane ne."

Ya tsaya yana kallon wayar a hannunsa, sai ya ji ƙararrawa ta ɗan buga. Ya waiwaya.

Radiyya ce a tsugune a wuyan tirela. Ta riga ta kwance robar tayar gaba, tana fama da ta baya, ta ɗan ciji leɓe saboda ƙarfin ɗaurin.

"Me kike yi?"

"Sauke maka nake yi, Abba. Ai nan kayan Alhaji za su hau, ko?"

Ba ta faɗa da fushi ba, ba kuma hawaye a idonta. Da ma kuka ta yi, da ya san yadda zai lallashe ta. Yarinyar ta girma a gindin kwantena, ta auna wurin kamar yadda ya auna, ta kuma san tun kafin ya buɗe baki kayan wa ake saukewa a gidansu in wuri ya yi kaɗan.

"Ba komai," ta ce. "Sai wani lokaci. In kaya suka tashi."

Maganar ta soke shi fiye da yadda ƙarfen gefen hanya zai soke shi. Ya tsugunna kusa da ita, ya karɓi robar daga hannunta, ya mayar da ita kan tayar, ya ja ta har ta yi ƙara. Ya ɗaure ta gaban ma. Sannan ya miƙe ya kira Alhaji, bai jira zuciyarsa ta huce ba don ya san in ta huce ba zai kira ba.

"Ka isa?" in ji Alhaji.

"Ban isa ba, ranka ya daɗe. Kayan sun kusa kifar da mu a hanya. Ba zan iya kai su ba."

"To ka gyara lodin mana. Kai ne fa Ghali."

"Gyaran guda ne, Alhaji, sai na sauke keken yarinya. Ba zan sauke ba. Zan kira motar haya, in tsaya a loda su a gabana, in turo maka lambar direban."

Ghali ya ji hayaniyar kasuwa ta cikin wayar.

"Saƙona za ka damƙa wa baƙo a bakin titi," Alhaji ya ce a hankali, "saboda keke?"

"Eh, Alhaji. Ka yi haƙuri."

"To, madalla."

Wayar ta katse. Ghali ya san irin wannan madallar. Kafin la'asar labari zai zaga Xiaobei, kuma akwai ƙofofin da ba lallai su sake buɗe masa kamar da ba. Ya nemo motar haya. Shi da direban suka kinkimi dila huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, tirela na sauke wuyanta ƙasa a hankali har ta zauna kan motar yadda Chen ya nuna.

Suka koma kan hanya. Wata doguwar mota ta sake wuce su, Ghali ya riƙe numfashi ya kalli madubi. Tirela ta biyo shi a miƙe.

"Zai yi fushi," in ji Ramlatu bayan sun yi nisa.

"Zai yi."

Wayar na ajiye a tsakaninsu, ba ta sake ƙara ba har suka isa.

Rana ta ɗan karkata lokacin da suka sauke kekuna a bakin kogin. Rabon Ghali da hawa keke tun yana saurayi a Kano, sai da ya yi tangaɗi ya kusa shiga ciyawa, Ramlatu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Radiyya ta riga ta yi gaba a kan siririyar hanyar da ke bin ruwa, tana buga ƙararrawa da babban yatsa. Amma ba ta saki jiki ta yi gudu ba. In ta ɗan taka kaɗan sai ta waiwayo, ta ga ko ya tsaya amsa waya.

Duk waiwayen da ta yi, yana bayanta.